Nasihar da Na Aro Ranar Auren Dije

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da anka kai Dije Aliero ba. Shekarun nan ne da anka yanke mana jiha daga Sakkwato, kowa na ta zancen Birnin Kebbi, matan ma'aikata sunka fara zuwa ƙauye da jaka rataye a hannu.

Dije jikata ce, ɗiyar ɗiyata. Uwarta ta rasu tana goyonta, ni na ƙarasa shayar da ita da nonon saniya da kunu. A ƙauyenmu Katanga kuwa, a wancan zamani, ba a fitar da amarya sai an kawo ta ɗakina. A zaunar da ita bisa tabarma cikin lulluɓi, in riƙe hannunta, in faɗa mata abin da Allah ya sa a bakina. Har daga Birnin Malam ana aiko mini. Ban taɓa shirya magana ba, yarinya nake dubawa, sai maganar ta zo.

To, ranar da dangin ango sunka kawo lefe, cikinsu akwai yayarsa, Hajiya Balki, wadda ke aure a Birnin Kebbi. Ana cikin hira ta ce, "Ai yanzu, Inna, zaman aure ilimi ne. Akwai littattafai da anka rubuta don mata, yadda za ki riƙe miji, yadda za ki san darajar kanki." Ba da wata manufa ta faɗa ba, baiwar Allah. Ni ce maganar ta tsaya wa a rai. Na ce wato jikata za ta shiga gidan masu ilimi da nasihar tsohuwa mai warin daddawa?

Ranar kasuwar Jega na bi motar masu hatsi, na sami mai baza littattafai kusa da 'yan turare. Na ce masa, "Ɗana, ba ni na mata, wanda ya fi kowane." Ya miƙo mini wani mai hoton fure a baya. (Ni da ban san ko baƙi ɗaya na boko ba, har da jujjuya shi ina gyaɗa kai, wai ina duba ingancinsa.)

Matar ɗana, Luba, ta yi firamare. Kullum bayan azahar muna ɓarar gyaɗa, tana karantawa ina maimaitawa, kamar mai haddar sura. Sau ɗaya ta ce, "Inna, anya wannan da irin su Dije yake?" Na ce mata ta yi karatunta, ba shawara na nema ba.

Ranar ta zo. Ɗaki ya cika da mata, na gida da baƙi, motar kai amarya na jira a ƙofa. Anka zaunar da Dije, ta miƙo mini hannunta daga cikin mayafi. Ban kama ba, domin littafi ke hannuna. Na miƙe tsaye, abin da ban taɓa yi ba, na gyara murya.

"Ya ke 'yar'uwa mace," na ce, "idan maigida ya dawo daga ofis, ki tarbe shi da murmushi, ki karɓi jakarsa, ki kwance masa igiyar takalmi."

Ango fa Garba ne, manomin albasa, wanda tun asuba yake cikin fadama da taɓo har gwiwa. Sai Inna Wuro, tsohuwar ƙawata Bafillatana mai kawo mana nono, ta ce daga bakin ƙofa, "Wace jaka, ƙawa? Buhun albasar za ta karɓa? Ki bar yarinya da bayanta."

Mata sunka fara rufe baki da gyale. Da ina da wayo, nan zan aje littafin in zauna. Sai na ƙara ɗaga murya. "Ki ɗauko masa ruwan sanyi daga firji, ki jera abinci bisa tebur, ki kira shi hasken zuciyata."

"Firjin Garba randa ce," in ji Inna Wuro. "Kuma ke mijinki, marigayi Malam, mi kike ce masa? Mu dai 'kai wane' munka ji."

Dariya ta ɓarke, haddar kuma ta gudu. Luba na raɗo mini daga baya ban ji. Hajiya Balki, don ta taimake ni, ta ce, "Inna, ina da irinsa a gida. Kin tsallake wurin kwalliya." Wallahi da ƙasa ta tsage da na gode mata.

Direba ya fara danna oda, wai yana son ya isa Aliero da sauran rana. Anka ɗaga Dije. Da ta zo wucewa ta gabana, ta sunkuyo ta ce, "Kaka, ke fa nake jira ki yi magana."

Ina da maganar kuwa. Ina so in ce mata na san halinta, irin na uwarta ne, in an ɓata mata rai sai ta yi shiru ta rame. Kada ta yi haka a gidan mutane. Ina so in ce mata Aliero ba nisa, ƙofata ba ta da sakata. Kafin in haɗa bakina, sun fita da ita.

Na faɗa mata daga baya, ba sau ɗaya ba. Amma a lokacin tana da goyo, tana jajjage, ta ce "To, Kaka," ta ci gaba da aikinta. Kunnen da amarya ke da shi bisa tabarmar nan, rana ɗaya ake ba ta shi.

Littafin ba shi da laifi, ga Luba nan ta yi aiki da shi har ɗana ya yi tumbi. Abin da na gane, a makare, shi ne mai littafi ya san mata da yawa, amma bai san Dije ba. Ni na san ta, na kuma tsaya ina karanta mata na wata.