Rasuwar Malonda, Mai Gadin Gidan Sichilima

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Kapembwa Sichilima na unguwar Ndeke a birnin Kitwe yana sanar da 'yan uwa da surukai da maƙwabta rasuwar Malonda, mai gadin gidansa. Rai ya yi halinsa ranar Asabar ta biyu a watan Disamba, wajen ƙarfe uku na rana, ana tsakiyar kiɗa da guɗa a falo. Ya rasu yana da shekara bakwai ba wata biyu. An jinkirta wannan sanarwa har Janairu ne saboda mai gidan ya yi ta yawo da gawar a aljihu daga wannan mai gyara zuwa wancan, yana ce wa kansa doguwar suma ce.

Mai gidan ya san za a tambaya, wane ne kuma Malonda? Masu tambayar ma yawancinsu sun ci nshima, tuwon masararmu, a gidan nan har sun nemi ƙari, sun kuma karɓi lambar sirrin intanet tun kafin su gama gaisuwa. To Malonda shi ne ɗan baƙin akwatin nan da bai fi sabulun wanka ba, wanda ke bayan kabad ɗin kwanuka yana ƙyafta koren ido. 'Yar ƙaramar kwamfuta ce. Duk abin da wata waya a gidan ta nema a intanet ta hannunsa yake fita, duk abin da zai shigo kuma sai ya tsaya a gabansa an caje shi. Talla ya mayar da ita inda ta fito. Masu bin sawun mutum daga shafi zuwa shafi don su san me ya duba, me ya saya, me ke damunsa, ya rufe musu ƙofa. Idan ya yi aikinsa da kyau ba a ganin komai, shi ya sa dangi suka ɗauka ba ya aikin komai.

Ba don nishaɗi aka kawo marigayin gidan nan ba, kuma tunda yanzu babu sauran abin ɓoyewa, ga asalinsa. Shekara bakwai da suka wuce matar gidan, Lombe, mai ɗinki, tana da cikin fari. Cikin ɗoki ta shiga shafin wani babban kantin kayan jarirai, suka tambayi ranar da take sa ran haihuwa, ta rubuta musu. Yaron ya zo a watan Nuwamba, namiji, bai zo da rai ba. Aka yi yadda aka saba yi wa irinsa: tsofaffin mata suka naɗe shi suka tafi da shi, ba taro, ba sanarwa, ba namiji ko ɗaya a wurin, har uban. Gwaggon Kapembwa, wadda kowa ke kira Ba Mayosenge, ita ta jagoranci tafiyar. Da ta dawo ta wanke hannu ta ce, "Kada wanda ya yi kuka. Wanda bai sha nono ba, ba a yi masa makoki. Ku manta, wani na tafe." Wani bai zo ba har yau.

Dangi sun manta kamar yadda aka umarce su. Kantin ne bai manta ba, shi da duk waɗanda ya raba wa sunan Lombe. Ta buɗe waya don ta duba sabon ɗinki, sai ga jariri yana dariya, an rubuta, jaririnki ya cika wata ɗaya. Ta nemi waƙar coci, sai ga tallan kunzugu. Kantin yana ta rainon yaron a madadinsu, yana ƙirga masa watanni, yana tambaya ko ya fara murmushi. Kapembwa ya rubuta musu sau huɗu su cire sunanta, suka gode masa da ya tuntuɓe su, suka aiko da tallan gadon yara. Lombe ta daina cin abinci. Keken ɗinkinta ya yi wata uku a rufe, ita kuwa tana zaune a bakin gado da waya a hannu, ta kasa kallo ta kasa ajiyewa.

A watan Fabrairu aka haifi Malonda a kan teburin cin abinci. Kapembwa shi ke kula da kwamfutocin wata kwalejin koyon jinya, don haka ya san hanya. Ya sauke jerin sunayen masu talla da ake rabawa kyauta ya ɗora masa, sai ya ga jerin na mutanen wata ƙasa ne, bai san kantunan Lusaka da na Johannesburg ba. Dole ya zauna ya yi da hannunsa. Kowace Lahadi bayan an taso daga coci yakan buɗe littafin shige da fice na marigayin, ya bi shi layi-layi, ya ga wa ya ƙwanƙwasa ƙofa a makon. Ya toshe suna, su sake suna su dawo. Ya toshe wannan, su laɓe a bayan shafin labarai. Ya koya wa Malonda ya yage alamar da suke liƙa wa mutum don su gane shi gobe, ya koya masa kada ya faɗa wa wani shafi daga inda aka fito. Wayar Lombe kuwa ɗaure ta ya yi da shi, ko tana kasuwar Chisokone sayen zare, duk abin da ta nema sai ya biyo ta gida tukuna. Ƙa'ida dubu uku da ɗari biyu ya rubuta, kowace da dalilinta, duka a cikin ɗan katin ajiya da ke gindin akwatin.

Kapembwa bai taɓa gaya wa Lombe ba. Wata safiya dai ta fito da waya a hannu ta ce, "Ba Kape, ka ga mutanen nan sun ƙyale ni? Ashe su ma suna da tausayi." Ya ce, "Ƙila sun gaji ne." Ta ce, "To Allah Ya sa sun gaji ɗin." Ranar ta yaye zanen da ta rufe keke da shi ta sa masa mai. Shi kuwa ya bar ta da zatonta, domin a ganinsa gara ta yarda duniya ta ji tausayinta da ta san har yanzu suna nan a bakin ƙofa, tare su dai ake yi.

Marigayin mai haƙuri ne, marar surutu. Maganarsa biyu ce a duniya. Idan aka dawo da wuta bayan an ɗauke ta awa goma, sai ya ce tit, sau ɗaya, alamar ya koma bakin aiki. Idan zafin Oktoba ya tsananta kuma, 'yar fankarsa takan ce fiiii a hankali, sai mai gidan ya tashi ya matsar da kwanuka don iska ta kai gare shi. Ya san sirrin kowa. Ya san surukin da ke duba sakamakon caca a banɗaki, ya san dattijuwar da ke neman maganin furfura, bai taɓa tona kowa ba. Ba a ce ba shi da aibi. Ya taɓa hana kallon wa'azin Ista kai tsaye saboda shafin cocin cike yake da 'yan leƙe, sai da aka sa cocin cikin waɗanda aka yi wa afuwa. Ya kuma taɓa hana Ba Mayosenge buɗe wani saƙo da ya ce ta ci kyautar firji. Ba ta yafe masa ba. Shekara uku tana faɗa wa dangi cewa wani abu a gidan Kapembwa ya cinye mata firji.

Ajalinsa ya zo ne ta bikin kicin na ƙanwar Lombe, wato walimar da mata ke yi wa amarya su haɗa mata kayan girki. Gidan Sichilima aka zaɓa saboda yana da fili, kuma kowa ya san bikin kicin ba na maza ba ne. Tun ƙarfe goma na safe aka miƙa wa mai gidan lemarsa aka ce ya nemi wurin zuwa sai yamma. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Don Allah kada a taɓa abin da ke bayan kabad." Mata suka yi shewa. Ba Mayosenge ta ce, "Je ka, ɗana, ba mai satar rediyonka da ba ya magana." Karo na biyu ke nan da aka fitar da shi daga al'amarin gidansa don shi namiji ne, ya kuma tafi kamar yadda ya tafi a karon farko.

Shaidu sun ce an fara ne da zare wa marigayin wuta, domin lasifika na bukatar soket. Wannan suma ce kawai, ya sha irinta. Wajen ƙarfe uku an fito da amarya lulluɓe da zanen chitenge, masu ganga sun ɗau zafi, ana shirin buɗe tukwane da kwanukan da aka kawo mata, sai mai ɗaukar hoto ta ce katin kyamararta ya cika. Hankali ya tashi. Ba Mayosenge ce ta tuna ta taɓa ganin ɗan kati a gindin abin nan na bayan kabad. Da tsinken ɗan kunnenta ta zaro shi. Kyamara ta tambaya ko a share abin da ke ciki, mai hoto ta ce a share. Duk abin bai kai minti ɗaya ba.

Da mai gidan ya dawo ya tarar da Malonda a kan tagar kicin kusa da bokitin kunun munkoyo, ido a rufe, ciki wayam. Ya tambaya me aka yi wa akwatin. Ba Mayosenge tana ƙulle ragowar kaza a leda, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Au, wannan? Katin yana wurin mai hoto, za ta dawo maka da abinka, har da hotuna a ciki. Ka ma gode mana, yau dai ya yi amfani sau ɗaya a rayuwarsa." Ya ce, "Ba Mayosenge, kun san abin da kuka kashe kuwa?" Ta ce, "Kashewa? Kai Kapembwa, ka ji tsoron Allah. Mutum ya mutu a gidan nan ba ka yi wannan fuskar ba." Ita ce ta hana shi yin fuskar a wancan lokacin, shi kuma ya yi mata biyayya.

Akwai gaskiya ɗaya da mai gidan ba zai ɓoye ba. Yana da kwafin ƙa'idojin nan, ya adana shi da kyau, a cikin katin nan guda. Shi da kullum yake yi wa ma'aikatan kwaleji faɗa su riƙa ajiye kwafi a wani wuri dabam, ga mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Masu gyara uku suka duba katin, suka ce hoto ɗari huɗu da goma sha biyu sun kwanta a kan komai. Mai gidan ya sa wani kati ya fara daga farko. Akwatin ya buɗe ido, amma bai san kowa ba, duk wanda ya ƙwanƙwasa sai ya ce bismillah. Kapembwa ya yi ta rubuta abin da ya iya tunawa, sai dai aikin shekara bakwai ba ya dawowa a mako uku. Ga Janairu, watan shiga makaranta, na matsowa, ya kuma san lissafin da kantin ke yi, don shi ma yana yin sa a zuci.

Ranar uku ga Janairu da safe, ana yayyafi, Lombe na shan shayi tana duba ɗinki a waya, sai ta ajiye kofin. Hoton takalmin makaranta ne, baƙi, mai maɗauri, an rubuta a ƙasa, Lombe, ɗanki zai shiga aji ɗaya, kin shirya masa? Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ba Kape, ashe ba su manta ba." Ya ce, "Ba su taɓa mantawa ba." Sai ya faɗa mata komai, tun daga teburin cin abinci har zuwa tsinken ɗan kunne. Ya zaci za ta yi kuka. Ta ce, "Wato kowace Lahadi kana zaune kana kallonsa yana girma, ni ka bar ni ina tsammani ni kaɗai ke ƙirga masa shekaru?" Ta tashi ta ɗauko zane ta rufe keken ɗinkin. Shi kuma ya je bayan kabad ya zare wutar da hannunsa, don babu sauran abin da za a yi gadi.

Marigayin ya rasu ya bar caja ɗaya mai lanƙwasasshen baki, da shuɗiyar igiyar intanet, da wayoyi biyu marayu da kowane ɗan talla ke shiga yanzu ba sallama. Ya bar hotunan nan ɗari huɗu da goma sha biyu, a cikin sittin daga ciki Ba Mayosenge ce ke tiƙar rawa. Ya bar mai gida da ba shi da abin yi ranar Lahadi bayan coci, da matar gida da ke yi masa magana iya wadda ta zama dole.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe tara na safe, a gindin mangwaron bayan gida. Maza da mata duk an yarda su zo. Za a yi kuka, wanda ya ga kuka bai dace ba ya yi zamansa a gida. Ba a bukatar lasifika, ba a bukatar mai hoto. Ba Mayosenge ba za ta jagoranci wannan tafiyar ba. Mai gidan ne zai ɗauki gawar, shi zai haƙa ramin, kuma wannan karon zai san inda aka sa ta.

Kada kowa ya wahalar da kansa neman akwatin gawa, an samu. Ranar Litinin Lombe ta fita ta sayo takalmin, baƙi, mai maɗauri, na ɗan shekara bakwai, kwalinsa kuma ya yi wa marigayin daidai har da sauran wuri. Takalmin yana nan a bakin ƙofar ɗaki, ta goge shi ta ajiye. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya su tsallake shi a hankali, kada kuma su tambaya ko na wane ne.