Rasuwar Jitata, Saura Kwana Huɗu Bikin Ningsih

Da zuciya mai cike maƙil da baƙin ciki, ni Wagimin mai sayar da rogo a Wonosari, nake sanar da rasuwar jitar bas ɗina mai tsirkiya huɗu da kakkaurar murya. Ta cika ranar Talata bayan azahar.

Marigayiya mai haƙuri ce. Wata tara ina da alkawari a wuyana, cewa ni zan kaɗa wa 'yata Ningsih a bikinta. Mbah Kasiran, shugaban makaɗan ƙauyenmu, ya ce sauti biyar kacal zan koya: ɗaya, biyu, uku, biyar, shida. Babu huɗu. Ni kuwa shekara hamsin da takwas ina ƙirga huɗu bayan uku, yatsana ya ƙi mantuwa. Mbah ya ce ko akuyarsa ce da yanzu ta haddace. Marigayiya ba ta taɓa cewa komai ba sai "dum", wani lokacin "dirrr".

Ranar Litinin na jera biyar ɗin ba tuntuɓe, karon farko. Wallahi har na yi ƙwalla.

Ajali ya same ta a tsakar gida. Mai ɗaure ruwan sama da muka ɗauko domin biki ya kafa barkono da albasa a tsinke, ya ce ko ɗigo ba za a gani ba sai an kai amarya. Na yarda, na bar ta a rumfa na tafi kasuwa. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Washegari na shanya ta a rana tare da rogo, don iyakar abin da na iya ke nan da jiƙaƙƙen abu. Wuyanta ya lanƙwashe, ta ce "ƙas", shi ke nan. Ni na kashe ta.

Ta bar tsirkiya uku, da igiyar ratayawa, da kantar da ta fito mini a yatsu. Matata Painem ta ce dama rogon ya fi ta amfani. Mbah ya ce fiyano zai cike gurbina, ba wanda zai lura.

Za a rataye ta a bangon ɗaki ranar Asabar da hantsi. Zaman makoki a rumfar biki, kujera ta ƙarshe, daidai lokacin waƙar amarya. Wanda ya ga yatsuna suna motsi a kan gwiwata, don Allah ya kawar da kai.