Yadda Za Ka Cire Tankin Babur a Barking Ba Tare da Matarka Ta Sani Ba

Kwantar da hankalinka, ka zo inda ya dace. Duk wanda ya bi matakan nan bakwai, na ba shi tabbaci ɗari bisa ɗari tankinsa zai rabu da baburinsa. Ko zai koma, wannan ba ya cikin alkawari. Ba ni na ƙirƙiro hanyar ba, ta maƙwabcina ce Uwaisu, ma'aikacin kwamfuta a nan unguwar Barking ta London, wanda ya gwada ta wata Asabar kuma har yau yana raye.

Abu ɗaya za ka riƙe. Bara Uwaisu ya wanke cen ɗin babur a bahon wanka, matarsa Luba ta kafa doka: ranar da ko noti ɗaya na baburin ya sake shiga gidan, ranar za ta sa baburin a kasuwa. Shi kuwa son baburin nan yake yi so na gaske. A duk London, in ya hau shi ne kawai yake jin shi ne dai Uwaisun da ya baro a Kano.

Mataki na 1: Nemo dalili

Babur ya fara tari da safe? To, fulogi ne, fulogin kuma yana ƙarƙashin tanki. Kada ka kai wa bakanike, raini ne. Nemi bidiyo na minti bakwai, ka kalli minti biyu na farko, sauran duk surutu ne. In kana da kawu bakanike a Ƙofar Ruwa, kamar Uwaisu, ai gyara a jininka yake, ko da gaisuwar Sallah kaɗai ta taɓa kai ka garejinsa.

Mataki na 2: Cika tankin

A minti na uku na bidiyon an ce ka bari mai ya kusa ƙarewa tukuna. Kai ba ka kai nan ba. Uwaisu ranar Juma'a ya cika nasa maƙil, saboda yana shirin yawo bakin teku ranar Lahadi. Mutum mai tsari ke nan.

Mataki na 3: Jira gida ya zama naka

Zaɓi ranar da uwargida ke da baƙi, don hankalinta yana wani wuri. Luba tana jiran mata takwas na ƙungiyarsu bayan la'asar, saboda haka tun ƙarfe tara ta kama hannun 'yarsu Ameera, mai shekara huɗu, suka nufi Peckham sayen nama da kayan miya. Uwaisu ya raka su har ƙofa, har da ɗaga hannu, abin da bai taɓa yi ba. Ya lissafa jirgin ƙasa da bas da hirar kasuwar Rye Lane, ya ba kansa awa huɗu.

Mataki na 4: Kwance duk abin da ya yarda ya kwantu

A ɗan filin gaban gida za ka yi, tsakanin kwandon shara da katanga. Cire sit. Cire wayar batir. Kwance notin da ke riƙe da tanki, ka ajiye su a wurin da za ka manta. Sai ka ɗaga tankin kaɗan, ka ga tiyo uku da waya ɗaya suna kallonka. Ja wanda ya fi kusa. In fetur ya wanke maka hannu har gwiwar hannu, shi ne daidai.

A nan wani zai zo da shawara. Na Uwaisu shi ne Osmanu, ɗan Kumasi da ke gida na gaba, ya leƙo ta kan katanga da kofin shayi.

"Massa, wannan tank ya cika fa. Ka juye petrol ɗin tukun."

"Na yi research, Osmanu."

"Tiyo ɗin na zuba."

Uwaisu ya cusa murfin biro a bakin tiyon, ya ɗago kai kamar likitan da ya gama tiyata. Osmanu ya ce Allah ya taimaka, ya koma ciki, ya rufe tagarsa.

Mataki na 5: Idan ruwa ya sauko

Zai sauko, London ce. Yanzu kana tsaye rungume da tanki mai nauyin buhun shinkafa, ba ka da gareji, kuma barin shi a waje kyauta ce ga masu wucewa. Ka tuna dokar, sannan ka tuna mai dokar tana Peckham. Uwaisu ya shige da shi, ya buɗe ɗan ɗakin ƙarƙashin bene inda ake tara tarkace. Tankin ya ƙi shiga a tsaye, sai ya kwantar da shi a gefe a kan tsohon kafet, ya lulluɓe shi da bargo, ya ja ƙofa. Masana sun ce abin da aka rufa wa bargo ba ya zuba. Masanan ni ne.

Mataki na 6: Musanta

Za ta dawo da wuri. Luba ta haɗu da ƙawarta Faridatu mai mota, awa huɗu ta koma biyu. Baburin yana ƙarƙashin tamfol, babu abin gani, amma ko takalmi ba ta cire ba ta tsaya cak.

"Abban Ameera, warin me nake ji?"

"Daddy, it stinks," in ji Ameera, ta toshe hanci, ta haye sama wajen kayan wasanta.

"Daga titi ne," in ji Uwaisu. "Ina jin ma'aikatan council ne ke aikin titi. Har na yi complain."

Lura da ƙwarewa: bai tsaya a ƙarya ba, sai da ya ƙara mata aikin alheri. Luba ta dube shi, ta dubi agogo. Mata takwas suna tafe, kuma a duk Barking an san gidanta da ƙamshi. Ba za a ce an shigo gidan Luba an ji warin gidan mai ba.

Mataki na 7: Yi shiru, in za ka iya

Ga abin da bidiyon ba zai taɓa gaya maka ba, ko ka kalle shi har ƙarshe, don mai bidiyon bai auri Bahaushiya ba. Macen da ta ji wari ba taga take fara buɗewa ba. Kasko take ɗaukowa.

Luba ta fito daga kicin da kaskon turaren wuta da gawayi, ta durƙusa inda ta saba, a gindin bene, don hayaƙi ya bi matakala ya game gidan. Tsakaninta da ƙofar ɗan ɗakin bai kai kamu biyu ba, kuma kafet ɗin wajen ya riga ya yi duhu da danshi. Ta ƙyasta laita. Ba ta kama ba.

Uwaisu yana tsaye. Ya tuna baburin, ya tuna titin bakin teku, ya ce a ransa wataƙila laitar ta mutu. Ta sake ƙyastawa. Ta girgiza ta, ta ƙyasta na uku, tartsatsi ya fito. A sama Ameera tana rera waƙar makaranta.

"Luba, kada ki kunna! Tanki ne! Yana cikin nan!"

Ya fizge laitar, ya haura a guje ya sauko da yarinyar, ya tura su waje cikin ruwa. Ya koma ya kinkimo tankin da bargon da ya jiƙe sharkaf, ya dire su a gindin katanga, ya bar ƙofa a wangale.

Ya shirya wa faɗa, faɗa bai zo ba. Luba ta zauna a kan katangar Osmanu, Ameera a cinyarta. Da ta yi magana, a hankali ta yi.

"Sau nawa na ƙyasta?"

Uwaisu ya dubi laitar da ke hannunsa.

"Sau uku. Kana tsaye kana kallona."

An yi cancel ɗin taron. Ba Luba ce ta sa baburin a kasuwa ba, Uwaisu ne da hannunsa, kafin magariba. Wanda ya saya da mota ya zo, ya ɗauki babur daban, tanki daban, notin kuwa har yau ba a gan su ba.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba bakanike ba ne, ba ɗan kwana-kwana ba ne, ba kuma mai sasanta ma'aurata ba ne. Gobara, ƙonewar gira, fushin landlord da kwanan falo, duk naka ne, kada ka neme ni. Na yi alkawarin tanki zai fita, ya kuwa fita. Kafet an canja shi cikin mako guda, warin ma ya tafi. Amma wata uku ke nan ina wucewa ta ƙofarsu, ban sake jin ƙamshin turare ba. Uwaisu ya sayo mata sabon kasko na lantarki, wanda ba ya buƙatar wuta. Yana nan a cikin kwalinsa.