Jirgin Sarkin Sama da Salansata

Rubuta, Hadiyya jikalle. Wanda ya fara ba ni labarin ƙaramin jirgin sama Armaya'u ne, mai gyaran janareta a Safana. A'a, goge, kada ya ji. Sa Injiniya Armaya'u Sarkin Sama. Mutum ne da ko ƙwan fitila zai ɗaura sai ya sa tabarau ya ce jama'a su ja baya. Duk ƙasar Safana babu mai iliminsa. Shi ya faɗa mana da bakinsa.

Bara tsuntsayen jan-baki suka sauka a gerona na hanyar Ruma, abincin gidan nan kaf. Na kai masa kuka.

Ya ce, "Baba, har yau kana zamanin gwangwani da majajjawa? Jirgi zan ƙera maka ya kore su. Faɗin cikin inji da si-si ake auna shi. Wannan na injin feshi ne, ashirin da biyar. Ka gane?"

Na ce sarai. Ko kusa ban gane ba, amma nan take ya naɗa ni Shugaban Filin Jirgi. Na koma Batsari ina amsa gaisuwa da hannu ɗaya.

Sai ya ce saura salansa. "Jirgi mai ihu na jahilai ne. Namu sai an kasa kunne." Na kwance ta babur ɗina na miƙa masa. Ni da na tsufa ina korar tsuntsu da ihu, ni na ba da abin toshe ihun.

Ranar tashi, mutanen ƙauyen Yasore suka zo bakin gona har da kujerunsu. Sarkin Sama ya yi jawabi, ya ja igiya. Ashe salansar ta fi jirgin nauyi. Jirgin ya ɗaga hanci, gindi na jan ƙasa, ya yi ta sanɗa kamar agwagwa mai ƙwai, ya tsaya. Tsuntsu biyu suka sauka kan fiffiken suna hutawa.

Injiniya ya cire tabarau ya ce, "Iskar Batsari ce ba ta kai ma'auni ba."

Na hau babur in ɓace wa idon jama'a. Ina taka shi ya saki wata tsawa. Sama ta yi baƙi, tsuntsayen suka watse, ko ɗaya bai rage ba.

Haka na riƙa zagaya gona safe da yamma har aka yanke geron. Rumbu ya cika, kunnen hagu ya tafi. Yara kuma Jirgin Ruma suke kirana.

Salansar tana Safana, wai yana bincike a kanta. Kakarki ta rantse ba zan ƙara shigo mata gida da wannan tsawa ba, kullum ina cewa gobe zan je in karɓo. To amma kin ga gero ya fara fitar da kai.