Oga Sai-Riba a Gaban Harajin Riba

Allah ya yi masu hangen nesa, sannan ya yi Oga Sai-Riba, mutumin da ke hango kuɗi tun suna ƙwai. Shekara talatin ya yi yana ƙirga buhuna a siton wani kamfanin siminti, ranar da ya ajiye aiki kuwa sai ya wayi gari masanin zuba jari. Ba makaranta, ba malami. Ilimin saukowa kawai ya yi, tare da tabarau mai igiya da jaka mai lambar sirri.

Jami'arsa shagon wanzamin bakin titi ne. Kullum da hantsi yakan haye kujerar nan mai juyawa, ko da yake kan babu abin askewa, ya buɗe darasi. Mu 'yan benci, waɗanda jarinmu bai wuce bashin mai kanti ba, sai mu yi ta gyaɗa kai kamar ƙadangaru. Kowa ya samu rana ai sai ya yi shanya, shi kuwa a kanmu ya samu tasa.

"Ku buɗe kunne," yakan ce. "Asara ba ƙaddara ba ce, rashin lissafi ne. Ni kuɗina bai taɓa fita ya dawo shi kaɗai ba, sai da 'ya'ya a goye."

Alhali sau ɗaya tak ya taɓa cin riba, ita ma mantuwa ce ta ciwo masa. Shekara ashirin baya kamfanin ya kasa biyan albashin wata uku, ya raba wa ma'aikata hannun jari a madadi. Oga ya zagi takardar tas, ya jefa ta ƙasan akwati. Bana aka gano ta ninka sau goma sha biyar. Ya sayar a take, ya zo ya sanar da mu cewa wannan shi ake kira haƙurin masana, mu kuma saurari mota mai kujera bakwai.

Da wannan tafiya ta ƙasaita ya hau benen da 'yar ƙanwarsa, akanta, take da ofis a saman kantin magani.

"Kawu, akwai harajin ribar jari fa," ta ce. "Za a ɗauki abin da ka sayar, a cire abin da ka saya, abin da ya rage hukuma na da kasonta."

Ta rubuta adadin ta turo masa. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Adadin bai ragu ba. Injin motar ne da tayoyinta huɗu kwance a kan takarda.

"Da nake haƙurin shekara ashirin, ina hukumar take?"

"Ita ma haƙurin take yi, Kawu."

Ta ce da ya sayar da rabi bana, rabi baɗi, da abin ya zo da sauƙi, amma bakin alƙalami ya bushe. Ta tambayi rasit ɗin kuɗin dillali, don ana cire su. Ya ce babban mutum ba ya tara tarkace.

"To saura hanya ɗaya. Wanda ya yi asara a wani jarin, ana cire ta daga ribar kafin a yanka haraji. Sai dai kai Kawu ai ba ka taɓa asara ba."

Ja'irar ko murmushi ba ta yi ba. Ya jawo jakarsa, ya danna lambar sirrin. Mu da muke zaton kwangiloli ne a ciki, ashe maƙabarta yake yawo da ita: gonar kifi, kamfanin kekunan haya, masana'antar ƙanƙara, kowanne da takardar mutuwarsa.

"Na wani abokina ne," ya ce.

"Ikon Allah, sunanku ɗaya."

Ƙananan ba su taka kara sun karya ba. Ta ƙanƙarar ce kaɗai za ta share harajin duka, sai dai suna biyu ne a kanta, nasa da na maiɗakinsa, kuma dole kowa ya sa hannu. Nan gizo ke saƙa. Gadon mahaifinta ne ya karɓa ya zuba a ciki, kamfanin kuwa ya narke shekara huɗu ke nan. Kowane ƙarshen shekara Oga yakan tsakuro daga fanshonsa ya zuba a ambulan, ya miƙa mata a matsayin riba, har da jawabi.

A hanyar gida shi da kansa ya riƙa yi wa kansa kirari. Sai kai, Sai-Riba, malamin iyo da ya nutse a kofin shayi! Ya tsaya sau biyu yana tunanin ya biya harajin ya rufa wa kansa asiri, sai ya tuna kujera bakwai. Wanzami dai ba ya son jarfa, amma motar nan ya riga ya faɗa wa duniya launinta.

Ya samu maiɗakin nasa da la'asar a kan keken ɗinki, tef rataye a wuya. Ya gyara murya.

"Maman yara, a duniyar jari akwai abin da masana ke kira sauyin alƙiblar kadara..."

"Kuɗin Baba sun mutu?"

"Sun dai kwanta."

"Tun yaushe?"

"Shekara huɗu."

Keken ya tsaya. A gaskiya nan kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba, don ya san mahaifin nata shekara arba'in ya yi yana gyaran keken hawa a rana kafin ya tara kuɗin nan. Ta share ido da bakin mayafi.

"Ambulan ɗin da kake kawowa fa?"

"Fanshona ne."

"Ashe kamfanin ƙanƙarar na nan da rai, ni ce ma nake wanke masa kaya."

Ta karɓi takardar ta karanta har ƙasa, a nitse, yadda take auna yadi.

"Wato yanzu asarar nan kuɗi ce?"

"Ƙwarai kuwa!" Hali zanen dutse, har ya fara miƙe wuya. "Kin ga hikimar ke nan. Masani ko faɗuwa ya yi..."

"To tawa ce. Da gumin ubana aka sayo ta. In kana so, saya."

Ya tambayi farashi da muryar da ba tasa ba. Ta ce abin da Baba ya bari, cif, ba tayi. Ya lissafa da sauri, ya ga ya ninka harajin sau uku, ya ce ai kuwa gara ya biya hukuma ya huta.

"Biya mana," ta ce, tana zura zare a allura. "Ni kuma gobe da hantsi in kai tallan asarata shagon wanzami, ko cikin ɗalibanka akwai mai bukata."

Washegari tare suka tafi banki, tana gaba yana biye. Da ma'aikacin ya tambaye shi me za a rubuta a matsayin dalilin tura kuɗin, Oga ya sauke tabarau ya yi ajiyar zuciya.

"Ɗana, rubuta saye. Asara ce guda ɗaya na saya karo na biyu, kuma duka biyun ba a yi mini ragi ba."