Wa Zai Ɗaga wa Kwata Yatsa?

Yau da safe takalmina na dama ya rabu da ni a lungunmu na Dogo Nini. Ina ɗauke da buhun geron Ya Kaka a kai, na taka inda na zaci ƙasa ce, ashe kwata ce ta cika ta batse. Na zaro ƙafa da ƙyar, takalmi kuwa ya ce shi ya sami wurin zama.

Ya Kaka maƙwabciyata ce, dattijuwa, mijinta ya daɗe da rasuwa. Katangar ɗakinta ta ƙasa ce, tana jingine da wannan kwata, duk damina ruwa yana cin gindinta. Tun tuni mun san in katangar ta faɗi, ba inda tsohuwar nan za ta je sai gidan Bubayaro, mijin 'yarta. Ta sha faɗa mini gara ta kwana a tashar mota da a gan ta da buta a tsakar gidan suruki.

Kafin ruwa ya sauka, shugaban ƙaramar hukumarmu, Mai Girma Inuwar Marayu, Allah ya ƙara masa faɗin inuwa, ya sanar cewa zamani ya zo. Daga yanzu ba za a yi wa talaka aiki ba sai an ji ta bakinsa. Aka buɗe shafi a Fesbuk, aka ce aiki ɗaya za a iya yi bana: ko a gina kwatarmu, ko a kafa ƙofar maraba a bakin unguwa. Aka sa hotuna biyu, wanda ya fi samun alamar babban yatsa shi ne zaɓin jama'a.

Hoton farko ƙofa ce da aka zana da kwamfuta, da fitilu da furanni, ga Mai Girma a gefe cikin babbar riga yana murmushi. Na biyu kwatarmu ce yadda Allah ya yi ta, da ledoji da mushen kaza.

Ƙofa ta ci zaɓe, da rata mai yawa.

Na tare Zarami mai keken haya, wanda shi ma ɗan lungun ne, na ce, "Zarami, ba kwatar nan ce ta karya maka tayar gaba bara ba?"

"Ita ce, Malam."

"To wanne ka danna?"

"Haba Malam. Ka ga babban mutum da sabuwar riga, sai ka wuce ba gaisuwa? Na ɗaga masa yatsa, na rubuta Masha Allah. Ita kuma kwata na sa mata fuskar kuka, na rubuta Allah ya kyauta. Ta yaya zan ɗaga wa mushen kaza yatsa? Ai sai a ce murna nake yi."

"Ba a ƙirga kuka."

"Ba su faɗa ba."

"Sun faɗa. Da Turanci, can ƙasa, bayan sunayen masu ɗaukar nauyi."

Ya ce, "To ai gaisuwa na yi, ban san zaɓe na yi ba."

Haka unguwar ta yi kaf. Mu mutane ne da aka koya wa cewa in an nuna maka abu mai kyau ka sa albarka, in an nuna maka mummuna ka yi jaje. Wannan tarbiyya ce, ba na zaginta. Amma tarbiyyar da ba ta tsayawa ta karanta abin da aka rubuta, sakarci ne ya sa hula. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mutum ya yini yana leƙen waya, ya san wanda ya yi aure a Kano da wanda ya sayi mota a Maiduguri, bai san ya sayar da kwatar ƙofar gidansa da Masha Allah ɗaya ba.

Su kuwa manya, ina jinjina musu. Wanda ya zaɓi hotunan nan biyu ya san mutanensa fiye da ungozomar da ta yanke musu cibi. A da sai an raba atamfa da sabulu kafin a juya ra'ayin jama'a. Yanzu ladabinmu kawai aka ara, kyauta.

Na je wurin Hadimin Mai Girma na Musamman kan Sauraron Jama'a. Ya juyo mini da kwamfuta, ya nuna mini wata da'ira kamar faifai, an yanka ta launi-launi.

Ya ce, "Baba, alƙaluma ba sa ƙarya."

Na ce, "Ya Kaka tana wane launi? Wayarta mai tocila ce."

Ya ce ana nazarin shigo da irinsu a zagaye na biyu.

Ruwan jiya da la'asar bai jira zagaye na biyu ba. Katangar Ya Kaka ta kwanta, Allah ya sa tsohuwar tana madafa. Shi ya sa yau muke kwasar kaya. Zarami ya kawo kekensa, ya rantse ba zai karɓi ko sisi ba, idonsa a ƙasa. Ya Kaka ta hau, ta rungume tukunyarta, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska tun kafin a bar lungu.

Ta ce wa Zarami, "Ɗan nan, ka bi ta bayan layi. Kada a ga inda za ni."

Da azahar wani ya nuna mini sabon saƙo a shafin. Sun fitar da taswirar unguwa mai nuna gidajen da ruwa ke yi wa barazana, kuma an cire na Ya Kaka daga ciki, tunda ba ya cikin haɗari yanzu. A sama an rubuta cewa adadin ya fara raguwa sakamakon tafiya tare da jama'a. Ni dai ban ga ƙarya a ciki ba.