Yadda Na Raka Likitanmu

Ba zan taɓa mantawa ba da daminar da na kori likitan garinmu da hannuna, kuma ina yi ina jiran a sa mini albarka.

Zamanin Turawa ne, ina magatakardan hakimi a wani gari na ƙasar Wurno, gefen Rima. En'e ta gina mana ɗakin shan magani, amma duk malamin asibitin da aka turo (mu likita muke ce masa, ko da aikinsa wanke gyambo ne), kafin ya gane hanyar kasuwa ya tattara ya gudu. Wasu suka ce sauro ne, wasu suka ce aljanun fadama. Ni kuwa da nake ganin na fi kowa kai, na ce raini ne kawai irin na 'yan boko.

Sai aka turo Malam Isa, mutumin Gusau, mai kunya kamar sabon suruki. Shi ya iya naɗe kurkunu a tsinke ba tare da ya tsinke ba, shi ya ceci ƙafar babata. Gari ya ƙaunace shi.

Ran nan da hantsi na ga jakuna a ƙofar gidansa, ana ɗora kwalla da tabarmi, matarsa ta fito a lulluɓe. Na ce, "Malam, mi ka hwaruwa?" Ya sunkuyar da kai yana murmushi, ya ce, "Babu komai." Na ce a raina, ai ga shi nan, wannan ma ya bi sahu.

Da yake ni sarkin dabara ne, na yanke cewa wannan karon ba za a ce ba mu san mutunci ba. Na sa mai shela ya zaga gari, jibi kowa ya fito rakiyar likita. Aka tara guzuri: albasa, busasshen kifi, har da dokin aro. Ranar na sha babbar riga (ita ma ta aro ce), na miƙe gaban hakimi ina zuba jawabi, har da share hawaye. Malam Isa na zaune, fuskarsa kamar an aiko masa da mutuwa. Na ɗauka daɗin jawabina ne.

Ina cikin "Allah shi kai ka lahiya" sai Inna Ige ungozoma ta ratso taro da sandarta.

"Wa ac ce muku tahiya za shi yi? Goyon ciki matatai ta tahi gidan uwayenta! Haihuwar hwari ta! Mi kunka aikata haka?"

Haihuwar fari! Wane ɗa mai kunya ne zai buɗe baki ya faɗi wannan? Hakimi ya juyo ya dube ni, ya ce, "Kai, ba ka tambaye shi ba?"

Malam Isa ya miƙe a hankali. "Ranka ya daɗe, ni da na ji shela, na ɗauka kun gaji da ni ne. Baƙon da aka haɗa wa guzuri bai roƙa ba, ai ya san abin da ake nufi. Tun shekaranjiya na aika Sakkwato a sauya mini gari. Da niyyata in gina ɗaki a nan, matata ta dawo da jariri."

Muka ba shi haƙuri har da durƙuso, amma bakin alƙalami ya bushe. Kafin wata ya ƙare an mayar da shi Rabah. Daminar nan ɗakin magani a kulle ya ƙare ta. Masu kurkunu suna jan gindi a ƙofar gida, in na zo wucewa su ce, "Sannu da aiki, Mai Rakiya." Babata ma haka take kirana har ta rasu.

Tun daga nan, ko gawa na ga an ɗauko, sai na tambaya sau biyu kafin in yi wa kowa gaisuwa.